Kafin a raba wa matasa injin feshi, a nemo musu malamin gona

Duk shekara idan damina ta ƙarato, sai an kafa rumfa a sakatariyar ƙaramar hukuma ko a filin wasa na babban birnin jiha, a jera buhunan taki da injinan feshi da ƙullin iri, a tara matasa da sunan shirin mayar da su gona. A yi jawabi, a ɗauki hoto, kowa ya saɓa nasa ya kama hanya. Ba na cikin masu cewa a daina ba su, domin taki ya yi tsadar da ɗan talaka ba zai iya saye ba. Damuwata tana kan abin da ke biyo baya. Daga ranar da yaro ya kai kayan nan gida zuwa ranar girbi akwai wata huɗu ko biyar, kuma a yawancin ƙauyukanmu babu wani ma'aikaci da zai taka ƙafa ya shiga gonarsa a tsawon wannan lokaci. An ba shi kaya, an hana shi malami.

Wani zai ce ai ɗan manomi ne, ubansa ya isa ya koya masa. Uban ya isa a kan abin da ya gada. Ya san ƙasar da ke son gero da wadda ke son dawa, ya san ruwan da ake shuka a bayansa da wanda ake ƙyalewa ya wuce, ya san lokacin huɗa da na maimai. Amma abin da aka danƙa wa ɗansa a rumfa wani noma ne daban. Ingantaccen irin masara yana son tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami. Yana son a sa masa kamfa cikin mako biyu na farko, a bi shi da yuriya a mako na huɗu zuwa na shida, a kuma binne takin, domin yuriyar da aka watsa a saman ƙasa rana da iska suna kwashe mata ƙarfi. Maganin ciyawar da ake fesawa bayan shuka yana son danshi, in aka fesa a busasshiyar ƙasa an yi asarar kuɗi. Irin da aka haɗa aure kuwa ba a ɗebo shi daga rumbu a sake shukawa baɗi. Ga kuma tsutsar masara da ta shigo ƙasar nan a 2016, wadda kakanninmu ba su taɓa gani ba, mai ɓuya a cikin zuciyar masara, sai an yi mata feshi da sassafe ko da yamma, an kuma saita bakin feshin daidai inda take. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake da wuya. Kowanne dai sai an nuna wa mutum a gona, a ranar da ya kamata.

Abin da ke ƙona min rai shi ne mun taɓa samun masu nunawar. A tsakiyar shekarun 1970 aka buɗe ayyukan raya noma na farko da tallafin Bankin Duniya a Funtuwa da Gusau da Gwambe, daga baya aka faɗaɗa su suka game jihohi, aka samu irin su KNARDA a Kano. Tsarin aikin a bayyane yake: duk mako biyu ana tara malaman gona a horar da su kan aikin da ke gaban manomi a makonni biyu masu zuwa, su kuma su hau babur su zaga ƙauyukan da aka ware musu a ranakun da kowa ya sani. Mahaifina yana cikin manoman da malamin gona ke sauka wurinsu a ƙauyenmu. Ina tuna mutumin da igiyarsa mai ƙulli-ƙulli ta awon tazara, yana durƙuso yana tona rami da ɗan itace, dattawa sun kewaye shi suna gardama. Wasu sun ce masara ba za ta yi a cunkushe haka ba. Bai ja da su ba, sai ya roƙi a ba shi kunya goma a gefen hanyar kasuwa. Da kaka ta yi, masu wucewa suka riƙa tsayawa da jakunansu suna tambayar gonar wa ce. Masarar da ake shukawa a bayan gida don gasawa, ita ce cikin 'yan shekaru ta zama abin cika rumbu da loda motoci a ƙasar Funtuwa.

Wancan tsari yana da nasa aibi. Yana cin kuɗi sosai, saƙo yakan sauko daga sama ba a tambayi manomi abin da ke damunsa ba, kuma an gina shi a kan bashi. Da kuɗin Bankin Duniya suka janye a tsakiyar shekarun 1990, jihohi ba su ɗauki nauyin yadda ya kamata ba. Babura suka mutu ba a sauya ba, kuɗin mai ya tsaya, waɗanda suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba. Yau jami'an gwamnati da bakinsu suna faɗin cewa malamin gona ɗaya yana fuskantar manoma dubbai, har akan ambaci dubu goma, alhali abin da masana ke so shi ne ɗaya ga kimanin dubu ɗaya. Ilimin kuwa bai ƙare ba. Cibiyar binciken noma ta Samaru tana nan tun 1922, tana fitar da irin masara da dawa da wake da gyaɗa masu jure fari da masu jure wuta-wuta. Cibiyar NAERLS tana kusa da ita a Zariya, cibiyoyin IITA da ICRISAT suna da ofisoshi a Kano. Hanyar da ke ɗauko abin daga Samaru ta kai shi gonar yaro a Bakori ko Gwarzo ita ce ta yanke. Ƙungiyar Sasakawa, wadda ta fara aiki a Najeriya a 1992, ta sake nuna cewa ƙaramar gonar gwaji a hannun manomi, da malamin da ke zuwa a kai a kai, suna iya ninka amfanin masara da alkama. Amma ƙungiya ɗaya ba za ta ɗauke wa gwamnatocin jihohin Arewa goma sha tara aikinsu ba.

Gurbin da malamin gona ya bari bai zauna fanko ba. Mai shagon maganin feshi a kasuwa ya shige shi. Yaro ya tsinko ganye ya kai masa, shi kuma ya duba kanta ya miƙo abin da yake da shi, sau da yawa kwalba biyu ko uku a ce a gauraya. A cikinsu akwai mutanen kirki masu tsoron Allah, amma ko na kirkin abincinsa yana cikin sayarwa ne, ba zai ce maka wannan ciwon ba ya buƙatar magani ba. Sakamakon muna ganinsa. Samari suna feshi da singileti da silifa, iska tana mayar musu da maganin a fuska, su wanke injin a rafin da ake shayar da dabbobi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, kuma waken da Turawa suka ƙi shi muke dafa wa 'ya'yanmu. Alhali akwai buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke kashe ƙwaron wake ta hanyar toshe masa iska ba tare da ɗigon magani ba, mutum ɗaya ya isa ya nuna wa gari guda yadda ake ɗaure shi cikin rabin sa'a. A 2016 da ƙwaron tumatir ya cinye gonakin Kadawa da Kura, manoma sun yi ta zuba magani a kan magani har jari ya ƙare, saboda babu wanda ya zo da wuri ya gaya musu da me suke faɗa.

Gwamnati ta taɓa hango bakin zaren. Shirin N-Power da aka fara a 2016 yana da ɓangaren noma, inda aka ɗauki matasa masu takardar makaranta a kan naira 30,000 a wata don su taimaka wa manoma. Tunanin daidai ne. Sai dai aikin na wucin gadi ne, da yawa daga cikinsu ba noma suka karanta ba, kuma ba a ba su abin hawa ba. Manomi ba ya sakin jiki da baƙon da ya san gobe zai tafi. Yarda da malamin gona tana ginuwa ne damina bayan damina, sai an ga shawararsa ta fito a rumbu. Haka shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015: an zuba kuɗi masu yawa a iri da taki, an yi ta kukan rashin biyan bashi, amma ba a cika tambayar mutum nawa ne aka bi su gona aka ga yadda suka yi amfani da kayan ba.

Akwai kuma maganar da masu tsara shirye-shiryen matasa ba sa son taɓawa, wato ƙasa. A da saurayi yana aiki a gandun gidansu, maigida kuma ya yanka masa gayauna, ya noma ta da yamma ko a ranar da aka sake shi, abin da ya samu nasa ne. A gayauna ake koyon lissafin noma, a nan ake tara kuɗin aure. Yanzu gado ya daddatsa gonaki, gandun kansa bai isa ciyar da gida ba, balle a yanka wa wani. Hayar gona ta yi tsada, masu kuɗin birni suna saye. To yaron da ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa, ka ba shi buhun taki, me zai yi da shi? Zai sayar a bakin ƙofar sakatariya, ya ƙara kuɗin ya shiga mota zuwa Legas ko Abuja ya yi acaɓa ko ga-ruwa. Ni ban ga laifinsa ba, lissafinsa daidai ne. Duk shirin da ke son matashi ya yi noma, to ya fara zama da dagaci da hakimi a nemo fili: gonakin makarantu da suka koma saura, filayen gwamnati da ke kwance, gefen madatsun ruwa irin su Tiga da Bakolori da Zobe. A ba ƙungiyar samari aro na shekara uku ko biyar a rubuce, yadda wanda ya zuba takin gargajiya bana zai san shi zai ci moriyarsa baɗi. Noman rani ma ya fi jan hankalin saurayi, domin albasa da tumatir da attaruhu suna kawo kuɗi a hannu cikin wata uku, a daidai lokacin da ya saba tafiya ci-rani. Shi ne kuma noman da kuskure kaɗan ke cinye jari, musamman tun da man injin ban ruwa ya yi tsada bayan cire tallafi a 2023.

Na san za a ce zamani ya canja, ga rediyo ga waya. Ina sauraron shirye-shiryen noma a rediyo, suna da amfani, kuma hasashen damina da hukumar yanayi ta NiMet ke fitarwa duk shekara ya kamata ya isa kunnen kowane manomi da Hausa. Amma idan ganyen masara ya yi ɗorawa, yana iya zama yunwar taki, yana iya zama ruwa ne ya kwanta a gindi, yana iya zama wuta-wuta ce ke tsotso a ƙarƙashin ƙasa tun ba ta fito ba. Sai wanda ya tsaya a gonar, ya tona, ya tambayi abin da aka shuka bara, zai bambance. Waya tana ƙara wa malamin gona tsawon hannu idan akwai shi.

Abin da nake roƙon gwamnoninmu bai fi ƙarfinsu ba. Kwalejojin aikin gona irin na Samaru da na Audu Bako a Dambatta suna yaye ɗalibai duk shekara, da yawansu suna zaune a gida ko suna sayar da katin waya. A ɗauke su aiki na dindindin, kowa a mazaɓarsa, inda aka san ubansa kuma zai ji kunyar yin ƙarya. Wannan yana da muhimmanci musamman a wuraren da rashin tsaro ya hana baƙo shiga, irin su Faskari da Sabuwa da yawancin Zamfara, inda ɗan gari ne kaɗai ya san gonar da ake iya zuwa da wadda ba a iyawa. A ba shi babur da kuɗin mai da ke fita a kan kari, a mayar da horon da ake yi a kai a kai, a ɗora masa ƙungiyar matasa ashirin ko talatin da gonar gwaji ɗaya a bakin hanya. A ɗauki mata su ma, domin namiji ba ya shiga gidan kulle, kuma a cikin gidajen nan ake kiwon awaki, ake matsar man gyaɗa, ake turara shinkafa, ake adana wake. Habasha, wadda ba ta kai mu arziki ba, ta horar da malaman gona dubun-dubata, ta kafa cibiyoyin koyar da manoma a ƙananan gundumomi da burin sa malamai uku a kowace.

Kuɗin suna cikin abin da ake kashewa yanzu. Idan aka rage buhu ɗaya cikin kowane goma da ake rabawa a rumfa, aka mayar da kuɗinsa albashi da man babur, sauran tara za su fi yin amfani. Ɗan siyasa ya fi son rabo, na sani, domin rabo yana fitowa a hoto, malamin gona kuwa aikinsa sai kaka ake gani. Don haka nauyin yana kan ƙungiyoyin manoma da sarakunan noma da 'yan jarida. A ƙarshen shekara gwamnoni za su kai kasafin kuɗi majalisun jihohi. A buɗe shafin ma'aikatar gona, a duba nawa aka ware wa ɗaukar malaman gona da zirga-zirgarsu, a ajiye shi kusa da abin da aka ware wa sayen kayan rabo, sannan kowa ya kira ɗan majalisar mazaɓarsa ya tambaye shi dalili.