Allura Ba Ta Rage Darajar Malami

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina roƙo ku ba ni hankalinku kaɗan, in faɗi wani abu da ya dame ni tun ran da na komo daga gwajin koyarwa.

An tura ni wata makaranta ta ƙauye cikin ƙasar Kebbe. A takardar tsarin darussa akwai sa'a guda ta aikin hannu kowane mako. Da na tambayi yadda a ke yi da ita, sai aka ce mini ai abin mai sauƙi ne, kowane yaro ya kawo tsintsiya ko mafici, wanda bai samu ba ya kawo kuɗi, a rubuta masa maki. Tsintsiyar nan kuwa uwarsa ta ɗaure, ko kuwa a kasuwa aka sayo ta. Na ga wannan koya wa yara ƙarya ne, saboda haka da mako ya kewayo na zo da allurai da zare da ƙyallaye. Kai, ran nan na sha dariya! Wani yaro ya miƙe ya ce, "Malam, ai wannan aikin mata ne." Kashegari uban wani ya zo har ƙofar aji ya ce, "Malam, karatu na kawo shi ya koya, in ɗinki na ke so ai da teloli a kasuwa." Na ba shi haƙuri, ya tafi. Amsar da kunya ta hana ni ba shi ran nan ita ce wannan.

Malamin da ya koya mini Alƙur'ani a Tambuwal, Allah ya jiƙansa, ban taɓa ganinsa a zaure hannu wofi ba. Riga na bisa gwiwarsa, allura na shiga tana fita, kunnensa kuwa yana wajen karatunmu. In ka yi tuntuɓe a aya ya gyara maka bai ko ɗaga kai ba. Da wannan allura ya ci da iyalinsa, bai taɓa tsayawa ƙofar wani mai dukiya ba. To, wane ne a garin nan ya isa ya ce aikin mata ya ke yi?

Haka abin ya ke tun dā a ƙasar Hausa. Surfanin babbar riga aikin maza ne, mafi yawansu malamai da almajirai. Dalilin kuwa a fili ya ke, don kafin allura ta taɓa riga sai an zana ta da alƙalami da tawada, hannun da ya saba da rubutu da zayyanar allon sauka shi ya fi iya ja wa aska biyu ko aska takwas layi, ya kewaya tambari ya fita daidai ba karkata. Zaren ma da labarinsa. Na tsamiya daga saƙar wata tsutsa a ke samunsa, a dafa da toka, mata su kaɗa. Alharini kuwa raƙuma ke ɗauko shi daga Tarabulus, su ƙetare hamada da shi har Kano. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, ya hori masu mulki su kula da masu sana'a su zaunar da su a garuruwa, ya kuwa ambaci maɗinka a cikinsu. Tambuwal ɗin nan tamu ɗan'uwansa Muhammadu Buhari ɗan Shehu ne ya zauna cikinta. Baturen nan mai yawo, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya shiga Kano cikin 1851 ya tarar tufafinta suna kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Ashe abin da yaran nan suka yi wa dariya shi ne ya kai sunan kakanninsu nesa.

Ba zan ɓoye abin da ke gaban mai allura yau ba. Rigar da zai shafe watanni a kanta, keken surfani ya gama irinta cikin yini, yanzu ma har da injin da kwamfuta ke sarrafawa. Talaka ba laifinsa ba ne in ya sayi mai araha. Ɗinkin hannu kuma yana cin ido, yana gajiyar da baya. Duk na yarda. Amma ku dubi kan mutane ran Jumma'a. Hular da a ke alfahari da ita har yau ta hannu ce, mai saye kuwa yakan juya cikinta ya duba kafin ya yi tayi. A birnin Zariya, da maza suka fara barin aikin, matan kulle suka ɗauke shi cikin shekarun 1970 da 1980, suna samun na kansu daga ɗakunansu. Madalla da su. Sai dai ina jin kunya a ce mu maza mun yar da gadonmu, sa'an nan mun koma muna yi masa ba'a.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rani. Ƙasar Kebbe ƙasar noma ce. Da an kai gero da dawa rumbu, wanda ba shi da fadama sai ya ɗaura ƙunshi ya tafi cin rani kudu, waɗansu ko gemu ba su fara ba. Yaron da ya iya hula yana da abin yi a inuwar gidansu watannin nan duka, jarinsa kuwa bai wuce allura da zare da ɗan ƙyalle ba.

Akwai kuma amfanin da ya shafi aikinmu na aji. Mai ɗinkin hula tilas ya ƙirga gidaje, ya raba kewayen hula daidai, in ya yi kuskuren gida guda zanen ba zai haɗu a baya ba, sai ya warware. Cikin yaran da suka daure suka zauna tare da ni akwai wani wanda rabawa ta gagare shi a allon bango, amma da ya warware ɗinkinsa sau uku ya gane ta da kansa. Rubutunsa ma ya daidaita.

Saboda haka ga shawarata. Kada a fara da riga, ta fi ƙarfin yaro. A fara da zura zare da ƙulli, sa'an nan kalmasa, sa'an nan ɗinkin sarƙa bisa layin da aka ja da fensir, kafin a kai ga hula. Maza da mata duk su koya. Mu kuwa malamai, da ya ke yawancinmu ba mu iya ba, kada girman kai ya hana mu zuwa zauren tsohon maɗinki mu durƙusa mu ce, "Baba, a taimaka mana da sa'a guda a mako." A kuma biya shi ladan wahalarsa. A Tambuwal da Dogon Daji da Kebbe akwai sauran irinsu, amma furfura ta gama musu kai, idanunsu kuma suna raguwa. Wanda na roƙa a ƙauyen nan sai da na zura masa zaren da kaina kafin ya nuna wa yara ɗinkin farko.