FAMFO YA LALACE, WA ZAI GYARA?

Jama'ar Birnin Kudu da Gwaram, kun san wannan ciwo. Famfon tuƙa-tuƙa ya tsaya, ko injin sola na rijiyar burtsatse ya mutu, sai a ce a jira injiniya daga Dutse ko Kano. Kafin ya zo mata da yara sun koma rafi, mai niƙa a kasuwar Sara ya rufe rumfa, mai sayar da ruwan sanyi a Babaldu ya ci uwar kuɗi. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin motar mai gyara ma ya zama wani haraji a kan talaka.

To, akwai wata dabara da ya kamata ku sani. Makanike ya ɗora kyamarar wayarsa a kan injin. Gwani yana can Kano yana ganin abin da yake gani. Sai ya zana kibiya a kan hoton, kibiyar ta manne a kan notin da za a kwance, ko an motsa wayar tana nan. Ya ce kwance wannan, bar wancan. Aikin da a da sai an yi doguwar tafiya, ga shi an gama kafin la'asar.

Abin ya daɗe. A 1990 wani injiniya mai suna Tom Caudell na kamfanin jiragen sama na Boeing a Amurka ya raɗa wa dabarar suna, don taimakon masu haɗa wayoyin jirgi. A 2016 kamfanin Thyssenkrupp na Jamus ya fara ba masu gyaran lif tabarau mai wannan aiki.

Amma a nan ne muke jan kunne. Tabaran HoloLens 2 dala 3,500 aka sa masa, kuma Microsoft ya daina ƙera shi a 2024. Google ma ya daina sayar da nasa a Maris 2023. Mun san halin masu mulki: su ji sabon abu, sai kwangila, a sayo kaya, a yi biki, a kulle a sito. Wanda ya zuba kuɗin jama'a a kayan da masu shi suka yar, ya sayi rigar matacce.

Abin da muke nema guda huɗu ne. Na ɗaya, kowace mazaɓa a ɗauki samari da 'yan mata a koya musu gyaran famfo da sola, da wayar da ke aljihunsu. Na biyu, bayanin ya zo da Hausa. Na uku, ƙaramar hukuma ta ajiye kayan gyara a Birnin Kudu da Gwaram, gama kibiya a hoto ba ta zama roba ko bawul. Na huɗu, a kai sabis ƙauyuka, a kuma biya mai gyara haƙƙinsa kan lokaci.

Wasu na tsoron injiniyoyi za su rasa aiki. Gwani ɗaya ba ya iya zagaya Fagam da Basirka da Sundimina a yini guda, amma yana iya koyar da mutanensu daga inda yake zaune. Yaron da aka nuna wa sau uku, na huɗu shi zai nuna wa wani.

'Yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, ku kai wannan magana taron reshe. Duk mai neman ƙuri'arku ku tambaye shi: famfonmu in ya lalace, wa zai gyara, cikin kwana nawa? Allah ya ba talaka sa'a, amin.