Inuwar Bishiya da Hankalin 'Ya'yanmu



Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa. A gidajenmu ba kasafai muke kiran abin da sunansa ba. Sai a ce yaro ya cika ƙunci, ko yarinya ta daina walwala, ko kuma a ce ƙuruciya ce, za ta wuce.

A shekarar 2019 masana a Jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmark suka fitar da sakamakon binciken da ya shafi mutum kusan miliyan ɗaya. Da hotunan tauraron ɗan Adam suka auna yawan itatuwa da ciyayin da ke kewaye da gidan da kowane yaro ya tashi har ya kai shekara 10, sannan suka bi bayanan asibiti. Waɗanda suka girma inda tsirrai suka fi ƙaranci, haɗarin samun lalurar ƙwaƙwalwa daga baya ya ƙaru musu har da kashi 55 cikin ɗari, ko bayan an yi la'akari da halin arzikin iyaye da tarihin ciwon a dangi. A shekarar 2019 ɗin kuma masana a Jami'ar Exeter ta Ingila suka gano cewa masu samun awa biyu a mako a cikin itatuwa ko bakin ruwa sun fi bayyana cewa suna cikin ƙoshin lafiya da natsuwa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kan da ya wuni yana bin allon waya da hayaniyar titi yana bukatar inda zai huta. A fili yaro yana gudu, ya yi gumi, ya haɗu da sa'anninsa, ya sha hasken rana, dare ya yi ya sami barci mai nauyi. A bazara kuwa, lokacin da zafi ke haura maki 40, kwanon rufi yana tiriri, inuwar darbejiya ce kaɗai wurin da mutum zai zauna ransa bai ɓaci ba.

To, mu dubi abin da muke yi da hannunmu. Filin ƙwallon unguwa an yanka shi filotai. Gefen makaranta an jera shaguna. Mai gida ya sare mangwaron tsakar gida wai ganye ya dame shi da shara, ya malale ko'ina da siminti. Wannan na ƙarshe ya fi ci mini rai, domin 'yan mata yake cuta. Saurayi ko ba komai zai fita majalisa, ya sami benci a gindin durumi. Yarinya da ta fara tasawa, daga makaranta sai gida, daga gida sai Islamiyya. Bishiyar nan ta tsakar gida, inda take shimfiɗa tabarma ta yi tilawa ko a yi mata kitso, ita ce rabonta na iska da inuwa. An sare, an bar ta da bango huɗu da waya.

Kada a ce ƙasarmu busasshiya ce. Manoman Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, sun raya miliyoyin itatuwa a gonakinsu ta hanyar barin tohon gawo da sauransu ya girma.

Bishiya ba ta maye gurbin likita. Yaron da ya daina cin abinci, ya daina barci, ko yake zancen ya gaji da rayuwa, a hanzarta kai shi asibiti. Akwai ƙwararru a asibitocin Dawanau, da Barnawa, da Kware.

Masu unguwanni da shugabannin makarantu, ku tsaya tsayin daka a kan filayen da suka rage. Idan damina ta sauka, a ba kowane aji dashensa, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki, a kuma tsara waɗanda za su riƙa ba shi ruwa lokacin hutu da rani.