Kowa Ya Sayi Rariya: Mota a Matsayin Darasin Tattali ga Matasa

Sanin kowa ne cewa da wuya a sami matashi a Ruwan Gizo ko Bakura ko Maradun wanda ba ya burin mallakar mota, ko aƙalla babur. Idan ka tambaye shi kuɗin mota, nan take zai faɗa maka. Amma tambaye shi abin da take ci a wata, sai ya yi shiru. A ganina, wannan shirun shi ne ƙofar da malami ya kamata ya bi don koyar da tattalin kuɗi.

Hausawa na cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ranar da aka sayi mota ne ɗawainiyarta take farawa. Akwai fetur da baƙin mai da taya da faci da ladan makanike. Akwai kuma sabunta takardu da inshora kowace shekara. Ga shi darajarta kullum raguwa take yi yayin da take tsufa.

Haka kuma farashi ba ya zama wuri ɗaya. A watan Janairun 2023 kuɗin ƙaramar inshorar motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000. Da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun wannan shekarar, litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500, ta kuma haura 1,000 a wurare da dama a ƙarshen 2024. Wanda ya ƙarar da duk abin hannunsa wajen saye, dole ya jingine motar.

Saboda haka, kada malami ya tsaya ga allo. Ya raba ɗalibai rukuni-rukuni, ya tura su tashar Talata Mafara ranar kasuwa, su tambayi direbobin haya nawa suke samu, nawa ke tafiya ga mai da gyara da balas. Su dawo su lissafa a aji, su gano ragowar da ke shiga aljihun direba.

Wani zai ce yawancin iyayen yaran nan manoma ne, don haka zancen mota cusa musu kwaɗayi ne kawai. Ni ban yarda ba. Kwaɗayin yana nan tun kafin malami ya yi magana. Lissafi ne ke sa masa linzami. Bugu da ƙari, yaron da ya iya lissafin mota zai iya na injin ban ruwa a gonakin Bakalori, domin shi ma mai da gyara yake ci.

Daga ƙarshe, ya kai malamin gobe, ka koya wa ɗalibinka tambaya biyu kafin ya sayi komai: nawa ne kuɗinsa, kuma nawa zai riƙa ci? Ta biyun ce ke raba mutum da bashi.