A Dawo da Katin Barka da Sallah

Duk wanda ya yi wayo a zamanin Jihar Gongola, watau daga 1976 zuwa 1991, zai tuna yadda gidan waya na Jimeta kan cika maƙil da zarar azumi ya yi nisa. Ma'aikata da sojoji da fatake mazauna Ikko da Badun da Fatakwal kan sayi katin barka da Sallah, su manna kan sarki, su jefa a akwati, ya zo ya iske iyayensu kafin ranar hawan Lamiɗo. Tsohuwar da ba ta iya karatun boko ba sai ta kira jikanta ya karanta mata, kana ta adana katin a cikin kwallarta, ko ta maƙala shi a bango har ya yi shekaru.

Tun da wayar salula ta shigo a 2001 wannan al'ada ta soma ja da baya. Yanzu hoton rago guda ɗaya ne mutum zai tura wa mutum ɗari ta WhatsApp, har da mahaifiyarsa a ciki, alhali kuwa wayar da ke hannunta ko hoto ba ta buɗewa. Wannan ba gaisuwa ba ce, sauke nauyi ne kawai.

A Ingila an daɗe da samo dabara. Akwai kamfanoni irin su Moonpig, wanda ya fara aiki a shekarar 2000, inda mutum zai zaɓi kati ta intanet, ya rubuta saƙonsa, ya biya, su kuwa su buga shi a takarda su aika ta gidan waya har ƙofar gida. To, amma fa can kowane gida da lambarsa. A nan, wa zai gaya wa masinja cewa gidan yana bayan masallaci a Wuro Hausa, daura da wata bishiyar dalbejiya? Mutanen Luggere da Doubeli da Jambutu da kwatance suke gane gida, kuma ba kowa ke da akwatin gidan waya ba.

Saboda haka ba sai an jira NIPOST ba. Jimeta cike take da shagunan buga takardu, ga samari masu ilmin kwamfuta suna zaman kashe wando, ga kuma masu Keke Napep da suka san kowane lungu. Mazaunin Agege ko Sabo ta Badun ya turo saƙonsa da hoton 'ya'yansa da kuɗin aiki, a buga masa a nan, da Hausa ko da Fillanci, har da ajami saboda dattawa, a kai hannu da hannu. Sai dai ya haɗa da lambar wayar wani ƙane ko ɗa a gidan domin kwatance, kuma ya yi haka tun tsakiyar azumi, don a goman ƙarshe masu Keke ba su da sukuni.