Mu san jininmu kafin soyayya ta yi nisa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai shayi a Barnawa ko Kakuri ya ga darasin kimiyya da idonsa. Farin ƙwai ruwa ne mai yauƙi, amma yana taɓa kasko mai zafi sai ya daskare. Zafi ne ya warware naɗin furotin ɗin da ke cikinsa. Haka furotin yake a jikinmu ma: siffarsa ce aikinsa, in ta lalace aiki ya lalace.

Furotin sarƙa ce da aka jera da ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, iri 20. Yadda aka jera su ne ke sa sarƙar ta naɗe ta ɗauki siffarta. Ɗauki himogulobin, furotin da ke dakon iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini. Sarƙoƙi huɗu gare shi, alfa biyu, beta biyu, kuma kowace beta amino asid 146 ne. A jikin mai sikila, na shida kaɗai ya canja: balin ya maye gurbin gulutamik asid. Gulutamik asid na jituwa da ruwa, balin kuwa gudunsa yake yi. Da oksijin ya yi ƙasa, sai himogulobin ya riƙa manne wa juna yana zama dogayen sanduna, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Vernon Ingram ne ya gano wannan canji a 1957.

Ni ba a littafi na fara sanin sikila ba. Abokin ɗakina ne a shekarar farko. Na ga namiji yana kuka cikin dare saboda ciwon ƙashi, mun sha neman keke mu kai shi asibiti, ya kuma rasa jarrabawa biyu yana kwance. Wallahi ba kasala ba ce, amino asid ɗaya ne cikin 146.

Shi ya sa nake cewa kowane ɗalibi ya san jinotaif ɗinsa tun yanzu. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne. In AS ya auri AS, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. A kula fa, kowane ciki aka ce. Na farko na iya zuwa da shi, na biyu ma haka.

Matsalarmu lokacin gwajin. Sai an kai lefe, an sa rana, an buga kati, sannan a tafi asibiti. A lokacin wa zai iya janyewa? Wasu su ce ai Allah ke tsarewa. Gaskiya ne, amma wanda ya ba mu hankali bai hana mu bincike ba.

Na san masu tsoron kada gwaji ya zama hanyar ƙyama. Tsoronsu na da hujja. Sai dai AS ba abin kunya ba ne, hasali ma yana ba da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ya yawaita a ƙasashenmu. Mai SS kuma yana karatu, yana aiki, yana aure. Rashin sani ne ke cutarwa.

Ina kira ga ƙungiyar ɗalibai ta shirya gwaji mai rahusa a makon karɓar sababbin ɗalibai, ta kuma riƙa tunawa da 19 ga Yuni, ranar sikila ta duniya. Kai kuma ɗan'uwa, ke 'yar'uwa, kuɗin data na wata guda ka iya isa. A je a gwada, a maimaita a wani wuri amintacce, sannan a ci gaba da hira.