Wanda Ya Tsare Maciji Ya Ɗauki Aikin Rana

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa, in aka ce masa akwai mutanen da ke sayen maciji da kuɗinsu, su kai shi ɗakin kwanansu, har su raɗa masa suna, to dariya zai fara yi, sa'an nan ya ce Allah ya sawwaƙe. Mu a wurinmu maciji abin sanda ne. Da dare ma ba mu son ambaton sunansa, sai mu ce igiyar ƙasa. In ka ga mutum da maciji a wuya, to gardi ne, shi kuwa sana'arsa ke nan. Amma a Amurka da ƙasashen Turai kiwon maciji don sha'awa ya daɗe da zama ruwan dare, kuma ɗaya daga cikin macizan da suka fi so asalinsa na yankinmu ne. Wata ƙaramar mesa ce marar dafi, tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, wadda in ta tsorata sai ta dunƙule, ta cusa kanta a tsakiya kamar ƙwallo. Daga Togo da Benin da Ghana aka yi ta fitar da ita dubu-dubu, ko da yake yanzu suna hayayyafa ta a can.

Kukan da masu wannan kiwo suka fi yi shi ne macijin ba ya son zama. Da dare ya yi sai ya kama bin bangon akwatin gilashin da aka sa shi, yana tura murfi da ka, yana goga hanci a jikin raga, wani har hancin ya saɓule. Mai shi kuma sai ya ce ai taurin kai ne. Ni dai a ganina sau da yawa wannan fafutika ƙara ce macijin yake kaiwa, kuma abin da ya kamata a fara tuhuma shi ne zafin wurin da aka ajiye shi.

Dalili kuwa shi ne jikin maciji ba ya haifar da ɗumi kamar na ɗan Adam ko na akuya. Daga waje yake aro. Mai karatu ya sha ganin ƙadangare a kan katanga da hantsi a lokacin hunturu, ya baje yana shan rana, ba ya ko iya gudun kirki sai jikinsa ya yi ɗumi. To haka maciji yake. Ita wannan mesa a dawa cikin ramin ɓera ko cikin suri take wuni, inda zafin rana ba ya kai mata, sai almuru ta fito. In ta ci ta nemi wuri mai ɗumi, domin in babu ɗumi abincin ba ya narkewa, sai ta amayar da shi. Wato rayuwarta duka kai da kawowa ce tsakanin ɗumi da sanyi, kuma ita ke zaɓa wa kanta. Ran da mutum ya rufe ta a akwati ya ƙwace mata wannan zaɓi, ya kuma ɗora wa kansa aikin rana da na inuwa gaba ɗaya, na shekara ashirin ko talatin, domin haka take daɗewa a hannun mutane.

A nan ne mafi yawan ɓarna ke aukuwa. Wani ya ji an ce macijin ƙasar zafi ne, sai ya gasa akwatin duka, ya bar dabba ba ta da wurin fakewa. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita ita ce a ɗumama gefe ɗaya kawai, ya kai kamar digiri 31 ko 32 a ma'aunin Salshiyas, ɗaya gefen kuma ya tsaya wajen 25 ko 26, sa'an nan a sa maɓoya a kowane gefe, don kada tsoron fili ya tilasta mata zama inda jikinta ba ya so. Abin da ke ba da ɗumin, ko shimfiɗar lantarki ce da ake sawa a ƙarƙashi, ko ƙwan fitila ne daga sama, wajibi ne a haɗa shi da na'urar da ke kashe wuta da kanta in zafi ya kai iyakar da aka sa mata. Fitila kuma a yi mata kariya ta raga, in ba haka ba macijin zai naɗe ta ya ƙone. Akwai wani dutsen roba mai waya a ciki da ake sayarwa, wanda likitocin dabbobi suka daɗe suna gargaɗi a kansa, saboda maciji yakan kwanta a kai har fatar cikinsa ta toye bai matsa ba. Abin ya ba ni mamaki da na fara jinsa, amma haka halittarsa take, ba ya saurin janye jiki daga zafin da ke shigarsa a hankali. Shi ya sa taɓawa da tafin hannu ba awo ba ne. Sai an sa ma'aunin zafi a daidai inda cikin macijin ke kwanciya.

Wani zai ce ai ko an gyara zafi maciji bai fasa neman hanya ba. Gaskiya ne, ban musa ba. Namiji yakan yi yawo lokacin barbara, yunwa ma takan sa shi, kuma dama ɗabi'arsa ce ya gwada kowace kafa. Sai dai wannan hujja kan mai kiwon take komawa, domin tana nuna cewa maciji ba ya sabo irin na kare, wanda ko an sake shi zai dawo gida. Maciji in kansa ya shiga rami, to ana kyautata zaton sauran jikin zai bi. Saboda haka ɗora littattafai ko bulo a kan murfi wasa ne. Kulle na sosai ake bukata, da toshe ramin da waya ke shiga, da na iska.

Wannan ramin iska shi ya jawo abin takaicin da ya faru a garin Campbellton na ƙasar Kanada a watan Agusta na 2013. Wani mai kantin dabbobi yana da babbar mesa irin tamu ta Afirka, mai tsawon kimanin mita 4, a gidansa da ke saman kantin. Da dare ta shiga bututun iska na rufin kejinta, ta faɗo ɗakin da wasu yara biyu 'yan uwan juna suke barci, ɗan shekara 4 da ɗan shekara 6, waɗanda suka zo kwana a gidan, ta kashe su. A gaban kotu an ba da shaida cewa an taɓa ganin mesar tana gwada wannan bututu, amma aka ɗauka ta yi masa kauri. A 2016 kotu ta wanke mutumin daga laifin sakaci. Ba ni da hurumin sake shari'a, amma dai macijin ya riga ya nuna hanyar da zai bi tun kafin ya bi ta.

A jihar Fulorida ta Amurka kuwa, mesar Bama da ta kuɓuce wa masu kiwo, ko suka gaji da ita suka sake, ta samu yanayi mai ɗumi a fadamar Everglades ta yi ta haihuwa, har zomaye suka kusa ƙarewa a wasu sassan. Sai a 2012 gwamnatin ƙasar ta hana shigo da ita, tare da babbar mesar Afirka.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana a mujallarmu shi ne na fara ganin hotunan wasu samarinmu a intanet, suna rataye da mesa don burga. Za su ce mu da muke ƙasar zafi me ya haɗa mu da ɗumama keji? To su tuna da daren hunturu a Kano ko Zariya ko Damagaram, lokacin da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 15, wanda ya isa ya sa wa mesar ciwon numfashi. Su kuma tuna da bazara, lokacin da zafi ke haura 40, ɗaki mai rufin kwano ya koma tanderu, akwatin gilashi kuma ya fi shi. A dawa mesar tana da rami mai zurfi da ke kare ta daga duka biyun. A ɗakin saurayi ba ta da komai sai na'ura, na'urar kuma ba ta aiki sai da lantarki, lantarkin namu kuwa kowa ya san halinsa. Ra'ayina shi ne kada hukuma ta bar kowa ya ajiye maciji sai da takardar izni, bayan likitan dabbobi ya je ya ga kejin da idonsa, ya gwada kullen, ya auna zafin gefe biyun, ya kuma tambayi mai shi abin da zai yi in an ɗauke wuta kwana uku a jere. Babbar mesa da macizai masu dafi kuwa a hana su sam a cikin unguwa, musamman irin gidajenmu na haya, inda ɗakuna goma ke ƙarƙashin silin ɗaya, yara kuma suna kwana a tabarma.